Daga shagon gyaran asibiti zuwa aji: jagorar ɗalibi mai son yin bincike kan kayan koyar da na'urorin lafiya

Duk shekara, da an shiga zangon raba taken furojet, sai barandar sashenmu ta cika maƙil da ɗalibai kamar ranar rabon taki. Kusan kowa yana riƙe da takarda mai take uku, kuma cikin ukun da wuya ka rasa biyu da aka kwafo daga kundin waɗanda suka fita bara. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a nan Katsina, kuma na daɗe ina nuna wa masu sha'awar lantarki da lafiya wata hanya da ba a cika bi ba: ka ƙera kayan koyar da yadda na'urorin asibiti ke aiki, ka gwada su a kan masu koyo, ka auna ko sun koyar ko ba su koyar ba. Wannan awon shi ne binciken. Na'urar da ka haɗa, komai kyanta, rabin aiki ce.

Injiniyancin na'urorin lafiya fage ne da lantarki da kwamfuta da ilimin jikin ɗan Adam suka haɗu. Akwai jami'o'in da ke ba da digirinsa kai tsaye, irin su Jami'ar Legas da ta Ilori, amma ba sai kana can ba kafin ka sa hannu. Ɗalibin fizis ko kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ɗalibin lantarki a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman ko ta Tarayya da ke Daura, har da mai karatun koyar da kimiyya a Kwalejin Ilimi ta Tarayya, kowa yana da ƙofar shiga. A ganina ma mai karatun koyarwa ya fi saura riba, domin shi an riga an koya masa yadda ake tsara darasi da yadda ake auna shi.

Fara da zuwa inda na'urori ke mutuwa

Kada ka fara da intanet. Ka nemi takardar gabatarwa daga sashenku, ka tafi sashen gyaran na'urori na wani asibiti. Katsina tana da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibitin gari, da asibitin mata da yara na Turai, Daura ma tana da babban asibitinta. In lokacin SIWES ɗinka, wato watannin koyon aiki a ma'aikata, bai wuce ba, ka nemi a tura ka can kai tsaye. Watannin da wasu ke ƙarar da su suna zaman kashe wando a ofis, kai za ka fito da taken bincike a hannu.

In ka je, ka gaida mutane yadda ya kamata. Mai gyaran da ya shekara ashirin yana buɗe cikin injina ba zai buɗe maka cikinsa ranar farko ba. Ka ce masa, "Injiniya, koyo na zo yi, duk abin da za a riƙe a miƙo min." Ka riƙe masa tocila, ka share benci, ka yi shiru. Bayan mako guda sai ka yi masa tambaya ɗaya tak: wane kuskure ne masu amfani da na'urorin nan suka fi maimaitawa? Ka rubuta duk abin da ya faɗa. Za ka ji batun injin tace iskar oksijin da ba a wanke matatarsa har ƙurar hunturu ta toshe ta. Za ka ji na ma'aunin hawan jini da aka ɗaura wa babban mutum ɗamarar yara. Za ka ji na na'urar da batirinta ya mutu don an bar ta wata da watanni ba caji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne da ba a koyar da shi ba, ko aka koyar bai shiga ba.

Zaɓi abu ɗaya, ka ƙuntata shi

A nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa. Sai yaro ya zo ya ce zai ƙera kwalbar jarirai bakwaini sukutum. Hannu bai kai ba, aljihu bai kai ba, kuma ko ya ƙera babu mai barinsa ya kusanci jariri da ita. Abin da kake nema darasi ne na awa biyu zuwa uku, wanda mai koyo zai taɓa da hannunsa, ya ga sakamako da idonsa.

Akwai abubuwa uku da na ga sun dace da ƙarfin ɗalibi. Na farko shi ne zanen bugun zuciya, wato ECG. Zuciya tana fitar da lantarki ɗan mitsitsi, kusan kashi ɗaya cikin dubu na bolt idan an auna a kan fata, kuma tun 1903 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya nuna yadda ake zana shi, har ya samu kyautar Nobel a 1924. Yau ana yin wannan da ɗan allon AD8232 da bai kai ashana girma ba, a haɗa shi da Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni. Na biyu shi ne ma'aunin oksijin da ake maƙala wa yatsa. Yana haska jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 660 da wani hasken da ido ba ya gani mai kusan 940. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye wanda ba a gani, wanda ya rasa oksijin ya fi shanye ja, daga bambancin nan na'urar ke fitar da lissafinta. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Na uku, kuma mafi arha, ba ya buƙatar ka ƙera komai: littafin kula da injin tace oksijin, da hotuna, da Hausa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ce oksijin, 78 naitirojin. Injin yana tura iska cikin wasu gwangwanaye cike da tsakuwar ziyolait mai riƙe naitirojin, sai abin da ya fito ya haura kashi 90 oksijin. Ƙura da laima su ne maƙiyansa, kuma mu a nan ƙura ba ta yi mana rowa.

In ka zaɓa, sai ka rubuta abin da kake son mai koyo ya iya yi bayan darasin, a jimla uku ko huɗu. Kada ka rubuta "zai fahimci ECG", domin fahimta ba ta da sikeli. Ka rubuta, "zai iya manna wayoyi uku a inda ya dace, ya nuna tsinin R, wato tsini mafi tsawo na kowane bugu, a kan zanen, ya lissafa bugun zuciya a minti daga tazarar tsini biyu." Wannan ana iya dubawa, a ce ya iya ko bai iya ba.

Malamin da zai kula da aikin

Kada ka je ofishinsa hannu rabbana. Ka rubuta shafi ɗaya: matsalar da ka gani a asibiti, darasin da za ka tsara, su wa za ka gwada wa, kayan da kake buƙata, da makonnin da zai ci. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na gano lokacin SIWES, ina neman a duba min." Malaman da ke da tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sukan buƙaci hannun da zai taya su aiki, kuma ɗalibin da ya zo da shafi a rubuce shi ake fara tunawa. In za ka samu malami na biyu daga ɓangaren koyarwa ko lafiya ya riƙa leƙa aikin, ka ci riba. In kuma malaminka ya ce wannan ba injiniyanci ba ne, ka nuna masa zanen da'irar lantarkin da lissafin tace sigina, zai ga akwai nama a jikin ƙashin.

Izini da tsaro, kafin ka taɓa jikin kowa

Wannan ba wurin gaggawa ba ne. Duk binciken da ya shafi mutane, ko da 'yan ajinku ne, yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ko na asibitin. Ka shigar da takardar da wuri domin amsa takan ɗauki makonni. Kowane mai shiga zai sa hannu a takardar yarda, da harshen da yake ji, kuma yana da damar fasawa ba tare da ya ba da dalili ba. Kada ka rubuta sunaye a bayananka, ka ba kowa lamba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Majiyyata kuwa, ka yi nesa da su. Kayanka na koyarwa ne, ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin akwatin: BA NA GWAJIN CUTA BA NE. Na'urorin asibiti na gaske sai sun cika ƙa'idar tsaro ta IEC 60601, naka kuwa bai ko kama hanya ba. In wani ya ga zanen zuciyarsa ya tsorata, ba kai za ka fassara masa ba, ka tura shi wurin likita.

Ƙa'ida ɗaya da ba na sassautawa a kanta: muddin waya tana manne a jikin mutum, babu abin da zai haɗu da wutar bango. Wutarmu bolt 230 ce. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi aiki da batirinta, a zare caja. Mata su manna wa mata, maza su manna wa maza, kuma wuyan hannu da idon sawu sun wadatar, babu buƙatar kowa ya buɗe ƙirji.

Haɗa kayan

Kafin ka kashe ko kwabo, ka gwada da'irar a kwamfuta. Tinkercad da Wokwi suna ba ka damar haɗa Arduino a allo kyauta, ka rubuta umarninka, ka ga inda ka yi kuskure ba tare da ka ƙona komai ba. Ƙananan kaya irin su waya, risisto, batir, dalma da ƙarfen liƙi, za ka same su wurin masu gyaran rediyo da talabijin a cikin gari. Allunan AD8232 da MAX30102 (na ma'aunin oksijin) sai dai Kano ko a yi oda. Ka haɗa kai da abokai ku yi oda ɗaya, kuma ka sayi biyu na duk abin da ke iya ƙonewa, domin zai ƙone, kuma ranar da ba ka so.

Bari in ba da labarin karonmu na farko da ECG. Mun manna wayoyi a hannun wani ɗalibi, muka buɗe allon zane na Arduino, sai ga layi ya fito kamar ƙayar bushiya, babu tsini babu kwari. Kwana biyu muna zargin allon AD8232, har an fara maganar tara kuɗin sabo. Wani dattijo mai gyaran rediyo da na kai wa abin ya juya shi a tafin hannunsa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaro, da wuta kuke aiki ko da batir?" Na ce da janareta. Ya miƙo min kayana ya ce, "Je ka zare cajar." Muna zarewa layin ya kwanta, tsinin R ya riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an jera su da hannu. Kunya biyu na ji: ga ɓata lokaci, ga shi kuma na karya ƙa'idar tsaron da nake koyarwa.

Dalilin abin shi ne wutar ƙasar nan tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, jikin mutum kuma yana kama wannan kaɗawar kamar eriya, sai ta danne ɗan siginar zuciya. Wannan kuskuren daga baya shi ya zama sashe mafi daɗi a darasin. Mukan ce mai koyo ya matsa kusa da fanka mai aiki ko inbata, ba tare da ya taɓa ba, ya ga layi ya hargitse, ya ja baya ya ga ya lafa. Babu bayanin allo da ya kai wannan shiga kai.

Wasu lambobi da za su yi maka amfani. Arduino Uno yana karanta bolt sifili zuwa 5 ya mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Ka sa shi ya ɗauki awo kamar sau 250 a daƙiƙa, ya wadatar wa darasi. Lissafin bugu kuwa mai sauƙi ne: ka raba 60 da tazarar tsini biyu a daƙiƙa. In tazarar 0.8 ce, bugun 75 ne a minti, kuma na baligi mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. In kana son nuna wa ɗalibai zanen zuciya mai matsala, kada ka je neman marar lafiya. Rumbun bayanai na PhysioNet da ke intanet yana da tarin zanen bugun zuciya mai suna MIT-BIH, rikodi 48 na kusan rabin awa kowanne, kyauta ga mai so, likitoci sun riga sun yi wa kowane bugu alama.

Wanda ya zaɓi ma'aunin oksijin yana zaune a kan tambayoyin da suka shafe mu kai tsaye. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun wallafa cewa irin waɗannan na'urori sun fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. Ƙara da namu na gida: yatsan da ya sha lalle, farcen da aka shafa wa jan farce, hannun da sanyin Janairu ya ƙanƙare da sassafe. Ka sa masu koyo su gwada yatsa mai lalle da marar lalle a hannu guda, su rubuta abin da suka gani. Ba za ka yanke hukuncin likitanci da allon koyarwa ba, amma za ka yaye ma'aikacin da ba ya gaskata lamba ido rufe.

Rubuta darasin, sannan ka rufe bakinka

Takardar darasi ta kasance gajera, hoto ya fi rubutu yawa. Ka ɗauki hotunan kayanka na gaske da wayarka, a kan farar takarda, da hasken rana. Kowane layi umarni ɗaya. Ka yi ta da Turanci da Hausa gefe da gefe, domin jarrabawa da Turanci za a yi ta, amma tunani da Hausa ake yin sa.

Sai dai Hausar tana da nata ramin. Na taɓa rubuta "haɗa baƙar wayar da ƙasa", ina nufin ƙafar allon da aka rubuta wa GND, wato "ground" da Turanci. Wata ɗaliba ta karanta, ta ja wayar, ta durƙusa ta dafa ta a kan siminti, ta ɗago tana jiran umarni na gaba. Ba laifinta ba ne, abin da na rubuta ta yi. Tun daga ranar nake rubuta sunan ƙafar yadda yake a jikin allo, in zagaye shi da jan biro a hoto. Kalmomin fasaha ka yi musu ɗan ƙamus a shafin ƙarshe, kuma ka karanta wa malamin Hausa da ma'aikaciyar jinya su ji, in ɗaya ya yamutsa fuska ka sake.

Ga gwajin da ya fi kowanne wuya. Ka samu mutum uku da ba su san komai a kan aikin ba, ka ba su akwati da takarda, ka koma gefe da littafinka. Kada ka yi magana. Za ka ga hannu ya nufi ramin da ba shi ba, bakinka zai yi ƙaiƙayi, ka daure. Ka rubuta inda suka tsaya, minti nawa suka yi, me suka tambayi juna. Duk inda biyu cikin uku suka yi tuntuɓe, takardar ce ke da laifi. Ka gyara, ka nemo wasu ukun.

Awon da ke mayar da shi bincike

Ka tsara tambayoyi goma zuwa sha biyar da suka fito kai tsaye daga manufofin da ka rubuta tun farko, malaminka ya duba su. A amsa su kafin darasi, a sake amsawa bayansa. Ka ƙara da gwajin hannu: jerin abubuwan da mai koyo zai yi kana kallo kana sa alama. In ajin yana da yawa, ka raba shi biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su yi da kayanka, rabi su saurari laccar da aka saba a kan batu guda. Bayan an gama awo, waɗanda ba su taɓa kayan ba su ma a ba su, kada a tauye kowa.

Wajen lissafi, akwai ma'aunin da Richard Hake ya yaɗa a 1998 a fagen koyar da fizis. Ka cire makin farko daga na ƙarshe, ka raba da abin da ya rage tsakanin makin farko da 100. Misali, in ajin ya tashi daga 30 zuwa 65, ƙarin 35 ke nan cikin 70 da ke da sauran samu, wato 0.5. Amfaninsa shi ne yana ba ka damar kwatanta ajin da ya fara da ƙarfi da wanda ya fara da rauni. Excel ya isa wannan aiki. In ka samu dama ka sake ba da tambayoyin bayan mako uku ba tare da sanarwa ba, a nan ake gane abin da ya zauna da wanda ya bi iska.

In sakamako ya nuna babu bambanci, ka rubuta babu bambanci. Na ga ɗalibai suna murɗa lambobi don tsoron ranar kare furojet, alhali malamin waje da ya san aikinsa ya fi saurin kama lambar da ta cika kyau. Ka bayyana yawan mutanen da ka gwada, ka amsa cewa ajin makaranta guda ne, ka faɗi sashen darasin da ya gaza da abin da kake zargi.

Bayan an kare

Ka ɗora zanen da'irar da umarnin kwamfutar a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka kowa ya gani, takardar darasin kuma ka sa mata lasisin Creative Commons domin malami a Funtuwa ko Malumfashi ya iya bugawa ya gyara ba tare da ya nemi izini ba. Ka nemi malaminka ku taƙaita aikin ku kai taron ƙungiyar injiniyoyi ko na malaman kimiyya, sunanka a kai. Kwafi ɗaya na littafin, mai bango, ka kai wa injiniyan asibitin da ya ba ka tambayar tun farko, da hannunka, ba aike ba.

Akwatin kuma kada ka tafi da shi gida. Ka liƙa jerin abin da ke ciki a bayan murfi, ka cire batir don kada ya zube, ka miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya sa hannu. Facin da ake mannawa a fata ka ƙulle su a leda mai zif, ka ajiye a inuwa, domin ruwan jikinsu yana bushewa, kuma zafin Afrilu na Katsina ba ya barinsu su kai zango na gaba in an bar su a buɗe.